Kunyar ɗan fari: me ya sauya tsakanin iyayen da da na yanzu?

A da, a Maraɗi ko Damagaram, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai ta ce "yaron nan". Uba ma ba ya wasa da shi a gaban mutane. Amma yaron bai rasa gata ba: bayan yaye, sau da yawa kaka ke riƙonsa, ita ke lallashi, maƙwabci kuma yana iya tsawata masa.

Yau ma'aikacin da ke haya a Yamai, nesa da dangi, shi ne mai tsawa, shi ne abokin hira. Tsofaffi na kiran wannan sangarta. Sai dai lallashin da suke zargi aikin kaka ne tun asali, ya faɗo kan iyaye ne saboda kakar tana ƙauye.