Takin Zamani Yana Cin Salansar Babur

A Unguwar Hajji, cikin ƙasar Karaye, aikin da jaki ke yi wa manomi a dā, yanzu babur ne ke yin mafi yawansa. Shi ke kai buhun taki gona da damina, shi ke komowa da masara da dawa da kaka, shi ne kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Haka abin yake a Kurugu da Yammedi, har ƙauyukan Rogo kamar su Zarewa da Fulatan. In rani ya yi, masu lambu a bakin madatsar ruwan Challawa, wadda aka gama ginawa a 1992, a kan babur suke ɗaura injin ban ruwa da tiyo. Tun 2023 kuwa, da aka janye tallafin mai, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin babur da na kayan gyaransa ya hau ƙwarai. Wanda nasa ya lalace, ba lalle ne amfanin gonar shekara guda ya sayo masa wani ba.

To, akwai bambanci guda tsakanin jaki da babur wanda manoma ba su cika lura da shi ba. Jaki in an sauke masa kaya sai ya sami rairayi ya yi birgima, ya kakkaɓe jikinsa. Babur ba ya birgima. Abin da ya zuba masa yana nan manne da shi har ran da mai shi ya wanke.

Tsatsa ba ta kama ƙarfe sai ruwa da iska sun haɗu a kansa. In akwai gishiri cikin ruwan, sai cinta ya yi sauri ninki-ba-ninki, shi ya sa motocin Ikko da na sauran garuruwan bakin teku ke ruɓewa da wuri. Ƙasar Karaye ba teku, amma gishirin yana zuwa a buhu. Takin zamani dangin gishiri ne. Kamfa, watau wanda ake rubuta wa NPK, akwai wani sinadari cikinsa da ake kira fotash, ɗan'uwan gishirin miya ne sosai. Yuriya kuwa janyo laima take yi daga iska. Duk wanda ya taɓa barin buhunta a buɗe cikin watan Agusta ya ga yadda take jiƙewa ta dunƙule. Buhu mai kilo 50 in an ɗaure shi da roba a bayan babur, ana tafe ana faɗawa ramuka, ba ya rasa zubar da gari ta ɗinki ko ta inda ƙarfe ya huda shi. Garin nan ya sauka a kan salansa, da sarƙa, da wayoyin ƙafa, da kowane noti. Taɓo ya zo ya rufe shi. Daga nan ko babur yana cikin zaure a bushe, ƙarƙashin taɓon nan a jiƙe yake, tsatsa tana ta aikinta dare da rana.

Salansa ita ta fi shan wuya. Tana ƙasa, duk taɓon da ƙafar gaba ta watso a kanta yake sauka. Ga zafi, wanda ke ƙone fentin wuyanta ya bar ƙarfe tsirara. Sa'an nan kuma ana cinta ta ciki. Mutane da yawa sukan yi mamaki in an gaya musu cewa kowace lita ɗaya ta fetur da inji ya ƙone tana haifar da ruwa kusan lita ɗaya. Tururi ne, yana fita tare da hayaƙi in salansa ta yi zafi sosai. Amma in tafiyar gajera ce, daga gida zuwa gonar bayan gari, minti 5 an kashe, salansa ba ta kai ga zafi ba, sai tururin ya koma ruwa ya kwanta cikin cikinta. Dattawa sukan ce salansar Suzuki da Yamaha na dā ba ta hujewa haka, kuma gaskiyarsu. Waɗancan injinansu suna ƙone baƙin mai tare da fetur, shi ya sa suke tuƙa hayaƙi, man nan kuwa yana shafe cikin salansa. Irin su Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ba su yin haka. Sun fi tsimin mai, amma cikin salansarsu ba abin da ya kāre shi.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi. Kafin a ɗora taki a shimfiɗa leda mai kauri ko tsohon buhu biyu a kan kariya, a bar gefensa ya sauko ya rufe ɓangaren salansa, amma kada ya taɓa ta, don zai narke. Ran da aka yi jigilar taki, ran nan za a wanke babur, ba ran Juma'a ba. A bari salansa ta huce tukuna. A toshe bakinta da leda, a kwarara ruwa mai yawa, a bi ƙarƙashinta da tsumma inda ido ba ya gani, don nan ne take fara hujewa. In an gama a cire ledar, a ta da inji, a yi 'yar tafiya ta minti 15 ko 20 har ta bushe ciki da waje. Yawancin salansa akwai wata 'yar ƙaramar huda a ƙarƙashinta wadda maƙera suka yi da gangan don ruwa ya tsiyaye. Taɓo yakan toshe ta, sai a sa tsinke a buɗe. Waɗansu kuwa suna ganinta sai su kai wa mai walda ya liƙe, suna tsammani ɓaci ne.

Wurin kwanan babur shi ma abin dubawa ne. Ɗakin da aka jibge buhunan taki ba wurin ajiye shi ba ne, haka kusa da turken awaki, don fitsarin dabba da kashin kaji suna cin ƙarfe kamar yadda takin kanti ke yi. Inda tsatsa ta riga ta fito, a kankare da burushin waya har a ga farin ƙarfe, a shafa fenti mai jure zafi. Fentin ƙofa ba ya yi, rana ɗaya zai ƙone ya ɓare. Shafa baƙin mai a wuyan salansa shi ma aikin banza ne, hayaƙi kawai zai yi, sai dai in za a jingine babur ɗin ne wata da watanni.

Amma asarar da ta fi zafi ba hujewar salansa ba ce, don ana iya liƙe ta, ana iya sayen wata. Babbar asara tana wurin noti biyu da suka riƙe wuyanta a jikin inji. Nan akwai 'yan sanduna biyu na ƙarfe masu zare, kaurinsu bai wuce na fensir ba, an dasa su cikin kan inji, a kansu ake ɗaura notin. Kan injin kuwa na alminiyam ne, irin wanda ake zuba tukwane da shi. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, watau kumbura take yi. In ta shiga tsakanin noti da sandarsa sai ta cike zaren, ta matse su su zama kamar abu guda. Ga zafi da sanyi kullum suna ƙara gasa su.

Yadda abin yakan faru kusan iri ɗaya ne ko'ina. Salansa ta fara ƙara ana tsakiyar sa taki na biyu. Mai babur yana sauri, ya tsaya wurin bakanike ran kasuwa, mutane sun yi layi. Yaron shago ya ɗauko sifana mai buɗaɗɗen baki, ya gwada, noti ya ƙi. Ya zura mata bututu don ƙarin ƙarfi, ya danna da ƙafa. Sai a ji ƙas! Sanda ta karye cikin inji. Gyaran da bai fi kuɗin goro ba ya koma na kwance kan inji a kai shi Kano, babur ya yi kwanaki a jingine, masara kuwa ba ta jiran kowa. Laifin ba na yaron kaɗai ba ne, har da wanda ya tsaya a kansa yana cewa a yi maza.

Noti da ya cije, haƙuri yake so. Da fari a goge zaren da ya leƙo waje da burushin waya. A ta da inji ya ɗan ɗumama, a kashe, a jira har zafin ya sauka yadda mai ba zai ƙone ba, sa'an nan a ɗiga masa abin da zai ratsa. Akwai na kanti na fesawa, irin su WD-40, wanda aka fara haɗawa a Amurka a 1953 don tsare jikin roka daga tsatsa. In babu, kananzir da ɗan baƙin mai kaɗan ya isa. Bakanikai da yawa man birki suke sawa, yana ratsawa kuwa, sai dai yana ɓare fenti duk inda ya ɗiga. Ko wanne aka sa, a ba shi lokaci. A jiƙa tsumma da shi a naɗe notin ya kwana, da safe a ƙara. Sa'an nan a ɗauki ƙaramar guduma a riƙa ƙwanƙwasa gefen notin a hankali, don tsatsa gautsi gare ta, girgiza tana farfasa ta.

Wajen kwancewa, sifana mai zobe ake so, wadda ta kama notin ta kowane gefe, lambarta kuma daidai da shi. Ta 13 a kan noti na 12 cinye masa kafaɗu za ta yi. Filaya kuwa kada ma a kusantar da ita. Dabarar tsofaffin bakanikai ita ce a fara ɗan ƙara ɗaure shi, kamar ƙwayar gero, kafin a juya hagu. In ya motsa kada a yi murna a zarce. A kwance kaɗan, a mayar, a ɗiga mai, a sake kwancewa, har ya saki don kansa. Hannu yana jin bambanci: noti mai kwancewa yana ƙara yana sakin jiki, sanda mai shirin karyewa kuwa laushi take yi kamar ana murɗa rake. In an ji wannan laushin a tsaya nan take.

In duk wannan bai yi ba, sai wuta. Mai walda ya gasa notin kaɗai har ya ɗauki zafi, ya buɗe ya saki sandar. Amma fa a goge kananzir ɗin sarai, a rufe makunnin mai, a cire tanki a kai shi nesa tukuna, kada garin neman gira a rasa ido. Kada kuma a dage da wuta a kan alminiyam, don shi ba ya yin ja ya yi gargaɗi, narkewa kawai yake yi. Wata hanya ita ce a sadaukar da notin, a yanke gefensa da zarto ko a tsaga shi da kurfi, a tsira da sandar. Noti abin kuɗi kaɗan ne.

In ƙaddara ta riga fata sandar ta karye, a duba abin da ya rage. In akwai guntu a waje, mai walda yana iya ɗora wani noti a kai ya liƙe, zafin waldar ma yana taimakawa, a kwance su tare. A cire wayar batir kafin ya kunna injinsa. In kuwa ta karye ne daidai da fuskar inji, wannan ba aikin gindin bishiya ba ne. Huda ta ake yi daidai tsakiya, hannu in ya kauce kaɗan ya ci alminiyam, kan injin ya tashi daga aiki. A kai wa masu injin hudar ƙarfe.

Ran mayarwa a sa sababbin notuna, in an sami na tagulla ya fi, don ba su cijewa. A shafa wa zaren giris mai garin jan ƙarfe, wanda ake sayarwa a shagunan kayan mota. Giris na sarƙa ƙonewa yake yi a wurin. A sake zoben da ke tsakanin bakin salansa da inji, a ɗaure notunan bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, ba da ƙarfin tsiya ba. Tsofaffin notuna na sauran jikin babur kuwa, in an jiƙa su cikin ruwan tsamiya suka kwana tsatsar tana saki, sai a ɗauraye, a shanya, a shafa mai.

Lokacin wannan aiki shi ne watan Afrilu ko Mayu, ana sharar gona, kafin ruwa ya sauka, sa'ad da babur zai iya kwana biyu bai fita ba. A bi notunan salansa, da na ƙafafu, da na jan sarƙa, a kwance kowanne a shafa masa giris a mayar. Injin ban ruwa da aka dawo da shi daga bakin Challawa shi ma salansarsa irin notunan nan gare ta, a haɗa da shi kafin a kai shi ɗaki.