ME YA SA BISASHE KE TSAYAWA GABAN MOTA DA DARE?

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanya mai lamba 1 da dare, daga Yamai zuwa Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi har Damagaram, ya san wannan abu. Mota na gudu, sai a hangi idanu biyu suna walƙiya a tsakiyar kwalta. Direba ya danna oda, dabba ba ta gusa ba. Direba ya ce jaki taurin kai gare shi, makiyayi ya ce direba ba ya da imani. Alhali kuwa akwai dalilan da masana dabbobi suka bayyana, kuma saninsu na iya tsirar da rai da dukiya.

Da farko, me ke kawo bisashe bisa hanya? Kwalta baƙa ce, tana shan zafin rana yini guda, sannan ta riƙa sakinsa sannu a hankali bayan faɗuwar rana. Shi ya sa lokacin ɗari awaki da jakuna ke kwanciya kanta don jin ɗumi. Da damina kuma, ruwan da ya sauka bisa kwalta yana gangarawa gefe, nan ne ciyawa ke fara tsirowa. Ga kuma hatsin da ke zubowa daga manyan motoci ranar kasuwa.

Na biyu, me ya sa ba su gudu? A bayan idon saniya, akuya, jaki da kare akwai wani shimfiɗi mai kama da madubi. Yana mayar da hasken da ya shiga ido, don dabba ta iya gani cikin duhu. Shi ne ke sa idanunsu walƙiya. Ɗan Adam ba ya da shi. To, idon da ya buɗe sosai don duhu, in fitilar mota ta haske shi farat ɗaya, sai gani ya ɗauke na ɗan lokaci. Dabbar da ba ta ganin gabanta kuwa tsayawa take cik.

Ban da haka, idanun masu cin ciyawa a gefen kai suke. Saniya na ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita ba tare da ta waiwaya ba, amma ba ta iya auna nisan abu da saurinsa yadda ya kamata. Shi kuma jaki, in ya tsorata yakan tsaya ya duba kafin ya motsa. Awaki da tumaki garke suke bi: in ɗaya ta ƙetare, saura na tafe a bayanta.

Raƙumi ya fi duka haɗari. Nauyinsa na kai kilo 400 zuwa 600, ga dogayen ƙafafu. Ƙaramar fitila ƙasa take haskawa, ba ta kai ga idanunsa, sai ƙafafu kawai masu launin rairayi. In ƙaramar mota ta buge shi, ƙafafun take kwashewa, gangar jikin ta faɗo bisa gilashin gaba, daidai inda mutane ke zaune.

Yanzu ga lissafi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda, kuma kusan daƙiƙa guda direba ke ɗauka kafin ƙafarsa ta kai ga birki. A makarantun koyon tuƙi ana koyar da wata ƙa'ida mai sauƙi: a ɗauki lambar farko ta gudun, a ninka ta da kanta. Mai gudun 90 yana bukatar mita 81 kafin ya tsaya, mai gudun 60 mita 36, mai gudun 50 mita 25. Ƙaramar fitila kuwa abin da take nunawa bai wuce mita 30 zuwa 50 ba. Ke nan mai gudun 90 da ƙaramar fitila, kafin ya ga dabba aikin gama ya gama.

Ba dabbobin gida kaɗai abin ya shafa ba. A wannan hanya, wajen Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa na ƙetare kwalta. A 1996 kusan 50 suka rage, kafin kulawa ta sa suka haura 600 a 2017. Babu irinsu a sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, don haka kowane guda da mota ta kashe babbar asara ce ga ƙasa.

Magani na hannun kowa. Direba ya rage gudu da magariba da asuba, musamman kusa da ƙauyuka, rijiyoyi da mahaɗar burtali. In ya hangi idanu na walƙiya, ya taka birki, ya rage hasken fitila, kada ya karkatar da mota da ƙarfi don kaucewa, domin haka ne ke kifar da ita. Makiyayi ya ɗaure bisashensa da dare, in zai ƙetare da garke ya riƙe tocila. Dabba ba ta san dokar hanya ba, mutum ne ya san ta. Rigakafi ya fi magani.