Damon Albarn: Tauraron Landan da ya zama ɗalibin makaɗin Legas

A watan Agustan 1995 jaridun Birtaniya sun shagala da gasar wasu ƙungiyoyin mawaƙa biyu, Blur da Oasis, waɗanda suka saki sababbin waƙoƙinsu a rana ɗaya domin a ga wadda za ta fi kasuwa. Blur ce ta yi nasara. Jagoranta, Damon Albarn, haifaffen Landan, yana da shekara 27 a lokacin, kuma an ɗauke shi a matsayin mawaƙin rock mai rera rayuwar Ingilawa domin kunnen Ingilawa. Sai dai abin da ya biyo baya ya sha bamban da haka. Babban kaso na aikin da ya yi daga shekarar 2000 zuwa yau ya yi shi ne tare da mawaƙan Afirka, kuma wanda ya fi kowa tasiri a kansa ɗan Najeriya ne, marigayi Tony Allen, makaɗin gangunan Fela Anikulapo Kuti.

Irin wannan hulɗa tana da tarihi mai ɗaci. A 1973, da Paul McCartney ya zo Legas naɗar kundinsa Band on the Run, Fela ya zarge shi da zuwa satar kiɗan baƙar fata. A 1986 kuma Paul Simon ya sha suka saboda naɗar wani ɓangare na Graceland a Afirka ta Kudu, a daidai lokacin da duniya ke ƙaurace wa gwamnatin wariyar launin fata. Don haka duk Baturen da ya doshi Afirka da jita a kafaɗa, ana tambayar sa abu biyu: wa zai ci riba, kuma sunan wa za a rubuta a gaba? Da wannan ma'auni ya kamata a auna Albarn.

Hanyar Bamako

Tun kafin ya taka Afirka ta Yamma, Albarn ya nuna alamar gajiya da zama fuskar da ake kallo. A 1998 shi da mai zane Jamie Hewlett suka ƙirƙiro Gorillaz, ƙungiyar da mambobinta zanen katun ne, shi kuwa ya ɓuya a bayan labule yana gayyato baƙin mawaƙa. Kundinsu na farko ya fito a 2001, ya kuma samu karɓuwa a Amurka fiye da yadda kundin Blur ya taɓa samu.

A shekarar 2000 ƙungiyar agaji ta Oxfam ta gayyace shi zuwa Mali. Ya zaga Bamako da kewayenta yana zama da makaɗa yana naɗar abin da suka yi tare. Sakamakon shi ne Mali Music na 2002. A jikin kundin an jera sunayen Afel Bocoum da Albarn da Toumani Diabaté, gwanin kiɗan kora, kuma sunan Bocoum ne a farko. Kundin ya fito ne ta hannun Honest Jon's, wani ƙaramin kamfanin faifai na Landan da Albarn ke da hannu a kafa shi. Shekara guda bayan haka Blur ta fitar da Think Tank, wanda aka naɗi wani ɓangarensa a Maroko, daga nan ƙungiyar ta shiga dogon hutu.

Haɗuwa da Tony Allen

An haifi Tony Allen a Legas a 1940. Shi ne ya riƙe gangunan ƙungiyar Fela, Africa 70, ya kuma jagoranci kiɗanta, har ana ruwaito cewa Fela da kansa ya amince ba don Allen ba da babu kiɗan Afrobeat. Sun rabu a ƙarshen shekarun 1970 a kan batun kuɗi da haƙƙin aiki, daga baya Allen ya koma Landan, sannan ya zauna a Paris.

A shekarar 2000 Albarn ya ambaci sunan Allen a wata waƙar Blur mai suna Music Is My Radar. Labari ya kai ga dattijon, shi kuwa ya gayyace shi ya rera waƙa ɗaya a kundinsa HomeCooking na 2002. Wato tun farko Albarn ne ya shiga aikin Allen a matsayin baƙo. A 2004 suka tafi Legas tare don yin naɗi. Aikin bai fito yadda aka tsara ba, amma daga cikinsa aka samu ƙungiyar da ta fitar da The Good, the Bad & the Queen a 2007, wadda ta haɗa su da Paul Simonon na The Clash da Simon Tong na The Verve. Abin mamakin shi ne kundin a kan birnin Landan yake, unguwanninsa da damuwar mutanensa a zamanin yaƙin Iraƙi, amma ɗan Legas ne ke riƙe da bugun. A 2018 suka sake haɗuwa a Merrie Land, kundin da ya yi juyayin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai.

Salon Allen ya saɓa wa na makaɗan rock, waɗanda suka saba dukan ganga da ƙarfi a wuri guda sananne. Shi yakan raba aikin ga hannuwa biyu da ƙafafu biyu, kowanne da nasa zancen, cikin sassauci, yana barin sarari tsakanin bugu da bugu. Mawaƙin da zai hau irin wannan kiɗa dole ya rage hayaniya ya iya saurare. Wanda ya kwatanta waƙoƙin Albarn na 1995 da na bayan 2007 zai ji wannan sauyi a muryarsa.

Fushin da ya haifi Africa Express

A watan Yulin 2005 aka yi gagarumin bikin Live 8 domin matsa wa manyan ƙasashe lamba su yafe wa Afirka bashi. Albarn ya fito fili ya soki masu shirya bikin saboda jerin mawaƙan dandalin Hyde Park na Landan kusan duk Turawa ne, alhali da sunan Afirka ake taron. Mawaƙan nahiyar an ware musu wani dandali dabam can a Cornwall. A 2006 shi da ɗan jarida Ian Birrell da wasu abokansu suka kafa Africa Express, shirin da ke haɗa mawaƙan Afirka da na Yamma a dandali guda.

A 2008 tawagar ta zo Legas ta yi wasa a New Afrika Shrine da ke Ikeja, a makon bikin tunawa da Fela. A wannan tafiya aka ƙulla shawarar ƙungiyar Rocket Juice & the Moon, wadda ta haɗa Albarn da Allen da Flea na Red Hot Chili Peppers. Kundinsu ya fito a 2012, da muryoyin Fatoumata Diawara ta Mali da M.anifest na Ghana da Erykah Badu ta Amurka. A 2008 ɗin ne kuma Albarn ya tsara kiɗan Sabali, waƙar Amadou da Mariam da ta zaga duniya.

Amfanin shirin ya fi bayyana a Mali. A 2012 masu ɗauke da makamai suka mamaye arewacin ƙasar suka haramta kiɗa, mawaƙa da dama suka gudu Bamako. Da Africa Express ta je can a 2013, ta tarar da wasu samari 'yan gudun hijira sun kafa ƙungiyar Songhoy Blues. An naɗi waƙarsu, kuma a 2015 suka fitar da nasu kundin, Music in Exile, suka shiga zagayen Turai da Amurka da sunansu.

Kundin kansa ya zo a makare

Sai a 2014, yana da shekara 46, Albarn ya fitar da cikakken kundi da sunansa shi kaɗai, Everyday Robots. Kundi ne mai sanyi, yana waiwayen ƙuruciyarsa a Leytonstone da ke gabashin Landan, yana kuma duba kaɗaicin da wayoyin hannu suka jefa mutane a ciki. Ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don lambar Mercury. Na biyun ya fito a 2021, kuma yanayin ƙasar Iceland ne tushensa. Blur ta dawo a 2023 ta cika filin Wembley dare biyu. Kundi biyu kacal na ƙashin kansa a cikin sama da shekara talatin ya nuna inda mutumin ya zuba ƙarfinsa.

Wa ya ci riba?

Masu suka suna da hujja. Jaridun Turai sun fi kiran waɗannan ayyuka da sunan Albarn, ko da kuwa shi ne mafi ƙarancin ƙwarewa a ɗakin naɗin, kuma abin takaici ne a ce gwani irin Allen sai da goyon bayan tauraron Ingila sababbin masu saurare suka san shi. Amma a ɗaya ɓangaren, an rubuta sunayen abokan aikinsa a fili, sun hau dandali kafaɗa da kafaɗa da shi, kuma hulɗarsa da Allen ta ɗore kusan shekara ashirin.

Tony Allen ya rasu a Paris ranar 30 ga Afrilun 2020 yana da shekara 79. Kwanaki kaɗan bayan haka Gorillaz ta saki How Far?, waƙar da suka naɗa da shi da Skepta, mawaƙin Landan mai tushe a Najeriya.

Akwai abin lura a nan ga masu tsara manufofi a Abuja, inda aka kafa ma'aikata ta musamman domin fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira a 2023. Manyan kundayen da Allen ya yi a shekarunsa na ƙarshe sun fito ne ta kamfanonin waje: Comet na Paris, Honest Jon's da World Circuit na Landan, da kuma Blue Note. Har kundin da ya naɗa a garinsu, Lagos No Shaking na 2006, kamfanin Landan ne ya buga shi. Ɗan Najeriyar da ke son jin wannan aiki a yau, ta hannun waɗannan kamfanoni zai same shi.