Iyaye Masu Aiki da Yaro Mai Tatata: Abin da Ya Kamata Mai Hidima Ya Sani

Gabatarwa

Yawancinmu da muka daɗe cikin hidima mun taɓa karɓar irin wannan baƙuwa a ofishin fasto bayan sujada. Ma'aikaciyar jinya ce, ko malamar makaranta, ko mai shago a kasuwa. Tana fita da ƙarfe bakwai na safe, ba ta dawowa sai biyar na yamma. Maigidanta ma haka. Ɗansu mai shekara ɗaya da wata takwas ya fara kiran 'yar raino "Mama". Sai ta tambaya da hawaye, "Baba Fasto, zunubi nake yi ne?"

Amsoshi biyu ne suka fi saurin zuwa bakinmu. Ko mu ce, "Ki bar aikin ki zauna a gida," ko mu ce, "Kada ki damu, Allah zai lura da shi." Ta farko ba ta duba kuɗin haya da na abinci ba, ba ta kuma tambayi uban komai ba. Ta biyu gaskiya ce, amma mun yi amfani da ita don mu sallami matar da wuri. A wannan darasi za mu ga cewa yaro mai tatata, wato ɗan shekara ɗaya zuwa uku, yana koyo ne cikin al'amuran yau da kullum, cewa iyaye masu aiki suna da rabonsu na waɗannan sa'o'i, kuma aikin mai hidima ne ya taimake su su tsare su.

1. Abin da ke faruwa da yaro a wannan lokaci

Yawancin yara sukan fara tafiya da kansu tsakanin wata 9 da wata 18. Kalmar farko takan fito wajen cikar shekara ɗaya. Wajen shekara biyu yaro yakan haɗa kalmomi biyu, kamar "ba ruwa" ko "Baba tafi". Kafin ya cika shekara uku, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 80 cikin 100 na girman ta babban mutum. Abin da ke gina ta shi ne abinci mai kyau, lafiya, barci, da mu'amala: yaro ya yi gwaranci a amsa masa, ya nuna akuya da yatsa a ce masa "akuya ce", ya yi kuka a ɗauke shi.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka fitar da tsarin kula da ƙananan yara mai ginshiƙai biyar: lafiya, isasshen abinci mai gina jiki, tsaro, kulawa mai amsa bukatar yaro, da damar koyo tun da wuri. Mu lura, babu kayan wasa masu tsada a cikin jerin. Murfin tukunya da ludayi da gwangwanin madara mai tsabta sun isa makaranta ga ɗan shekara biyu, muddin akwai babba a kusa yana magana da shi.

Waɗanda suka yi darasin ilimin halin ɗan Adam za su tuna da Erik Erikson, wanda ya koyar cewa abin da jariri ke fara koya shi ne ko duniya abar amincewa ce, sa'an nan mai tatata ya shiga gwada yin abu da kansa. Shi ya sa yake ƙwace cokali, yake cewa "a'a", yake birgima a ƙasa. Ba taurin kai na mugunta ba ne. So yake ya yi abin da bakinsa bai iya faɗa ba tukuna. James Fowler kuma, a nazarinsa na matakan bangaskiya na 1981, ya ɗora tushen bangaskiya a kan wannan amincewa ta farko. Ba sai mun yarda da dukan abin da suka rubuta ba, amma wannan ya yi daidai da abin da muke gani: yaron da ya saba cewa idan ya kira za a amsa, ba zai sha wuyar fahimta ba ranar da aka koya masa cewa Allah yana jin addu'a.

2. Abin da Nassi ke nuna mana

Da farko, Littafi Mai Tsarki bai ɗauki aikin mace a waje laifi ba. Matar da aka yaba a Karin Magana 31 tana sayen gona, tana saƙa, tana ciniki, 'ya'yanta kuma suna yabonta. Lidiya 'yar kasuwa ce (Ayyukan Manzanni 16), Akila da Bilkisu kuma tare suke sana'ar ɗinkin tanti (Ayyukan Manzanni 18). Kakanninmu mata ma ba zaune suke ba. Da goyo suke zuwa gona da rafi. Abin da ya sake a yau shi ne ofis da asibiti da banki ba sa barin a shiga da goyo, kuma kaka da gwaggo suna can ƙauye.

Na biyu, Nassi ya ɗauki shekarun farko da muhimmanci. Hannatu ba ta kai Sama'ila Shilo ba sai da ta yaye shi (1 Sama'ila 1). Musa ya girma a fadar Fir'auna, amma mahaifiyarsa ce ta shayar da shi (Fitowa 2), kuma da ya girma ya san mutanensa. Bulus ya tuna wa Timoti cewa tun yana jariri ya san Littattafai Masu Tsarki, ya kuma ambaci kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki (2 Timoti 1:5, 3:15). Luka 2:52 ya ambaci girman Yesu ta fuska huɗu: hikima, jiki, dangantaka da Allah, da dangantaka da mutane. Ba mu da izinin kula da ɗaya mu bar uku.

Na uku, nauyin ba na uwa kaɗai ba ne. Gargaɗin Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21 ga ubanni aka yi shi. Idan mace ta zo ita kaɗai da wannan damuwa, tambayarmu ta farko ita ce, "Ina maigida?"

3. Lokuta huɗu na rana

Maimaitawar Shari'a 6:7 ba ta umarci iyaye su buɗe aji ba. Lokuta huɗu ta ambata don koyar da yara: zaman gida, tafiya a hanya, kwanciya, da tashi. An ba da wannan umarni ga mutanen da za su yini a gona da kiwo. Ma'aikacin yau ma yana da waɗannan huɗun.

Tashi. Safiya lokacin gaggawa ne, kuma a nan ne tsawa ta fi yawa. Idan an haɗa jakar yaro da abincinsa tun da dare, za a sami minti goma na yi masa wanka ana kiran sunayen gaɓoɓinsa, da gajeriyar addu'a da ake maimaitawa kullum. Mu koya wa iyaye kada su sulale su gudu. Su yi masa sallama, su ce za su dawo da yamma. Zai yi kuka, amma a hankali zai koyi cewa wanda ya tafi yana dawowa.

Hanya. Ko a goye, ko a Keke Napep, ko a mota, hanya cike take da darasi: ga saniya, ga mai ruwa, ga jan mota. Iyaye su yi masa magana da harshen da suka fi sakewa da shi. Jin harshen gida da Hausa da Turanci tare ba ya hana yaro magana. Gidaje da yawa sun daina yi wa yara harshen iyayensu saboda wannan tsoro, sun yi hasara a banza.

Zaman gida. Wanda ya dawo daga aiki a gajiye yake, ga girki yana jira. Shawararmu ita ce minti goma sha biyar na farko a ba yaron, a ajiye waya, a zauna a tabarma a bi wasan da shi ya zaɓa. Sa'an nan a sa shi cikin aikin gida: ya miƙo albasa, ya ƙirga kofuna. Idan uwa tana kan murhu, uba ne ke da wanka da ciyarwa. Cikin yaro ƙarami ne, don haka yana bukatar abinci sau uku zuwa huɗu a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani: kunun gyaɗa, wake, ƙwai, kifi, miyar zogale, ayaba, gwanda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci gaba da ba da nono har shekara biyu ko fiye, kuma uwa mai aiki tana iya shayarwa safe da dare.

Kwanciya. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar barcin sa'a 11 zuwa 14 a yini da dare. A tsayar da lokaci ɗaya da tsari ɗaya: wanka, labari ɗaya, waƙa ɗaya, addu'a, gidan sauro. Zai nemi labarin Nuhu sau ashirin. Ta maimaici yake koyo. Sujadar iyali ta minti arba'in ba ta ɗan shekara biyu ba ce.

4. Wanda ke riƙe da yaro da rana

Sa'o'i tara ko goma yaron yana hannun wani: kaka, maƙwabciya, gidan raino, ko 'yar raino. A 2 Sama'ila 4:4 mun karanta yadda Mefiboshet ya gurgunce yana ɗan shekara biyar, sa'ad da ya faɗi a lokacin da mai renonsa take gudu da shi cikin firgita. Hannun da ke riƙe da yaro ba ƙaramin abu ba ne.

A nan dole mu faɗi gaskiya mai ɗaci. A gidajen 'yan ikkilisiya da yawa, 'yar rainon yarinya ce 'yar shekara tara ko goma da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta. Ita ma yarinya ce mai bukatar reno. Dokar hana fataucin mutane ta Najeriya ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Ko wadda ta fi haka, mu tambaya lokacin ziyara: tana zuwa makaranta? Ina take kwana? Me take ci? Wadda ake zagi da duka, abin da za ta zuba wa jaririn ke nan.

Idan gidan raino ne, iyaye su je ba tare da sanarwa ba, su ga yara nawa ke hannun mutum ɗaya, ko akwai ruwan wanke hannu, ko ana duka. Makarantar da ke tilasta wa ɗan shekara biyu rubutu da aikin gida ba gaba ta kai shi ba. Wasa da magana su ne karatunsa. A gida kuma a kawar da kalanzir da ake zubawa a kwalbar lemo, da magunguna, da ruwan zafi, a rufe rijiya da manyan bokitai.

Sai batun waya. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ba ta goyi bayan zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a rana. Waya tana yi wa yaro magana, amma ba ta amsa masa. Ko waƙoƙin Kirista ne a ciki, ba su maye gurbin fuskar mutum.

5. Aikinmu na masu hidima

Na ɗaya, mu duba jadawalinmu. Litinin Zumuntar Mata, Talata koyon waƙa, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis kwamiti, Jumma'a addu'ar dare. Ma'auratan da ke da sa'a uku kacal da ɗansu a rana, mu ne muke cinye biyu, sa'an nan mu hau bagade mu yi wa'azi a kan tarbiyya. Mu gaya wa iyayen ƙananan yara a fili cewa zama da yaro da yamma hidima ce, kada kuma mu auna ruhaniyarsu da yawan taron da suka halarta.

Na biyu, mu san hakkinsu. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, ta kuma ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a rana cikin lokacin aiki. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan matansu suka haihu. Makarantu da asibitocin ikkilisiya su ne ya kamata su fara cika waɗannan, ba su zama na ƙarshe ba.

Na uku, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kusan kowace ikkilisiya akwai iyaye mata da suka yi ritaya, da ɗakin Makarantar Lahadi da ke kulle daga Litinin zuwa Asabar. Dattawa za su iya tsara wurin reno mai sauƙin kuɗi, da sharaɗin tantance masu kula, da biyansu, da tabbatar da cewa ba a barin babba ɗaya shi kaɗai da yara. Mu fi tunawa da gwauraye da matan da mazajensu ke aiki nesa.

Na huɗu, mu san alamun da ke bukatar asibiti: yaro ya kai wata 18 bai fara tafiya ba ko ba ya faɗin kalma ko ɗaya, ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalmomi biyu, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ya daina yin abin da ya riga ya iya, ko yana ramewa. Mu yi addu'a da iyalin, mu kuma tura su wurin likita. Kada mu yarda a laƙaba wa yaro maita ko aljanu saboda jinkirin magana. Mu tambayi katin rigakafi ma. Allurar ƙyanda ta biyu a wata 15 ake yi, iyaye masu aiki kuma sukan manta da ita.

Na biyar, mu fara da gidajenmu. 'Ya'yan fastoci da yawa sun girma suna ganin bayan mahaifinsu yana fita ziyara. A 1 Timoti 3:4-5 an haɗa iya riƙon gida da cancantar riƙon ikkilisiya.

Kammalawa

Mu koma ga matar da ke zaune a ofishinmu. Za mu iya gaya mata cewa neman abinci ta hanyar halal ba zunubi ba ne, kuma shaƙuwar ɗanta da mai renonsa alama ce ta cewa ana kula da shi, ba ta cewa ta rasa shi ba. Sa'an nan mu kira maigidanta, mu zauna mu uku mu duba ranarsu daga tashi zuwa kwanciya, mu ga abin da za a gyara, har da abin da ikkilisiya za ta sauke musu. Sa'ad da almajirai suka hana a kawo wa Yesu yara ƙanana, ransa ya ɓaci (Markus 10:13-16). Allah ya kiyaye mu daga zama masu tsayawa tsakanin yaro da hannuwan da aka ba shi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Yamma nawa a mako ikkilisiyarka take bukatar ma'aurata masu ƙaramin yaro? Wanne za a iya ragewa ko haɗewa?
2. Idan ka tarar da yarinya 'yar shekara goma tana reno a gidan dattijon ikkilisiya, yaya za ka fara maganar?
3. Tsara sujadar iyali ta minti biyar da ta dace da gidan da ke da ɗan shekara biyu.