Matsalar Ƙwaƙwalwar Aiki Wajen Ceto Bayanai Daga Gungun Faifai Da Ya Lalace: Nazari Bisa Yanayin Gabashin Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wata matsala guda ɗaya da ke damun masu kula da kwamfutoci a makarantu da ofisoshinmu, watau saƙon da manhajar ceto bayanai kan fitar cewa ƙwaƙwalwa ta gaza, alhali ana tsakiyar fito da fayiloli daga gungun faifai da ya lalace. Abin da takardar za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan saƙo alama ce kurum, tamkar zazzaɓi a jikin mutum, kuma abubuwa uku dabam-dabam ne ke haddasa shi. Wanda bai rarrabe su ba yakan yi ta maimaita aikin a kan faifan da ke gargara, har ya ƙarasa shi da hannunsa.

Dalilin ɗaukar gabashin Sakkwato a matsayin fagen nazari a fili yake. Mutumin Tsamaye, a Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, ba ya ajiye gungun faifai a ɗakinsa, amma sakamakon jarrabawar ɗansa, da rajistar ɗalibai, da jerin sunayen masu karɓar albashi, duk suna ƙarewa ne a cikin na'urorin wani ofishi ko wata makaranta. Tun daga 2015, da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan bisa kwamfuta, manyan makarantu da yawa suka mallaki irin waɗannan na'urori. Daɗin daɗawa, ambaliyar 2010 a garuruwan gaɓar gulbin Rima, da hijirar da rashin tsaro ya tilasta wa mutanen Sabon Birni da Isa daga 2019, wasunsu har cikin Jihar Maraɗi, sun raba jama'a da takardunsu na asali. Sau da yawa abin da ke cikin na'ura shi kaɗai ya rage shaida.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kafin mu shiga cikin batun, ya kyautu mu daidaita a kan kalmomi uku. Faifai shi ne ma'ajin dindindin, wanda ke riƙe bayanai ko an ɗauke wuta. Ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira RAM, ita ce farfajiyar da manhaja ke baje kayanta yayin da take aiki, kuma da zarar wuta ta yanke sai komai ya goge. Gungun faifai kuwa shi ne faifai biyu ko fiye da aka haɗa su yi aiki kamar guda. Sunansa na RAID ya fito ne daga takardar da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka gabatar a 1988.

Tsarin da ya fi shafar wannan nazari shi ne RAID 5. A cikinsa ana yanyanka bayanai gutsure-gutsure, a rarraba su bisa faifan bi da bi, sa'an nan a kowane layi a ajiye gutsure ɗaya na lissafin cike giɓi. Lissafin mai sauƙi ne: a kowane gurbi, in adadin 1 ya zo mara, a rubuta 1, in ya zo cika, a rubuta 0. Alal misali, 1011 da 0110 suna ba da 1101. In aka rasa ɗaya daga cikin ukun nan, sauran biyun za su maido da shi. Sabili da haka RAID 5 na jure mutuwar faifai ɗaya, RAID 6 na jure biyu, RAID 0 kuwa ba ya jure ko ɗaya.

3.0 Hanyoyi Uku Da Kuskuren Ke Ɓullowa

3.1 Ƙarewar wuri

Manhajar ceto ba ta dogara ga jadawalin fayiloli na faifan, tun da shi ne ya lalace. Takan bi faifan daga farko har ƙarshe, duk inda ta ga abin da ya yi kama da bayanin fayil sai ta ajiye shi a ƙwaƙwalwar aiki, don ta sake gina jadawalin daga baya. Mu ɗauka tana kashe kilobayit 1 a kan kowane fayil. In ta tsinci miliyan 5, ta ci wajen gigabayit 5 ke nan. To, manhajar da aka gina bisa tsarin bit 32 ba ta iya ganin abin da ya wuce gigabayit 4, kuma bisa al'ada Windows gigabayit 2 kawai ke bar mata. Irin wannan manhaja za ta faɗi ko da an cika na'urar da gigabayit 32.

Akwai wani dalili da ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne kuskuren jera gungun. Kafin manhaja ta karanta RAID 5, dole a gaya mata jerin faifan, da girman gutsure, da yadda lissafin cike giɓi ke zagayawa. Faifai 4 na iya jeruwa ta hanya 24. Salon zagayawa sanannu 4 ne, ya zama 96. In aka gwada girman gutsure 6, daga kilobayit 16 zuwa 512, ya zama 576, kuma ɗaya tak ce daidai. In aka ba ta wadda ba ita ba, manhajar za ta riƙa haɗa kan wani fayil da ƙafar wani, ta riƙa ganin fayilolin da babu su da lambobin girma na hauka, har ta nemi wurin da babu na'urar da ke da shi. A nan ƙwaƙwalwar lafiyarta lau, abin da aka ɗura mata ne gurɓatacce.

3.2 Lalacewar ƙwaƙwalwar kanta

Hanya ta biyu ita ce sandar RAM ta riƙa juya 0 ya koma 1 ba tare da sanarwa ba. Wannan ba abu ba ne mai wuyar aukuwa. Binciken da Bianca Schroeder da Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber suka buga a 2009 a kan na'urorin kamfanin Google ya nuna cewa fiye da kashi 8 cikin 100 na sandunan suna samun kuskure a shekara. Waɗancan na'urori suna da tsarin ECC mai gano kuskure ya gyara, kuma a ɗakuna masu sanyi suke. Galibin kwamfutocin teburin da muke aiki da su ba su da ECC, da yawansu gwanjo ne, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40 a ƙasar Sakkwato, ga ƙurar hunturu mai shiga bakin sanda, ga hawa da saukar wutar janareto.

Haɗarin wannan hanya ya fi na farko, domin ba kullum take kayar da manhaja ba. Lissafin cike giɓi a cikin ƙwaƙwalwar aiki ake yin sa. In gurbi ɗaya ya juya, sai a ceto fayil mai suna daidai da girma daidai, amma lamba ɗaya ta sauya a cikinsa. A jadawalin maki, wannan na iya zama bambanci tsakanin ci da faɗuwa.

3.3 Faifai mai fakewa da sunan ƙwaƙwalwa

Hanya ta uku ita ce laifin ya kasance na faifai, amma saƙon ya ambaci ƙwaƙwalwa. Idan RAM ta cika, tsarin na'ura kan ari wani yanki na faifai ya jibge abin da ya yi yawa. Haka kuma wasu manhajoji kan shimfiɗa fayil kai tsaye bisa adireshin ƙwaƙwalwa. In aka je ɗauko wani shafi daga faifai ya ƙi karantuwa, Windows kan kayar da manhajar da lambar kuskure 0xC0000006. Mai gyara ya ga an ambaci ƙwaƙwalwa, sai ya tafi sayen sanda, alhali ciwon na faifai ne, ko na wayar da ta haɗa shi, ko na akwatin USB da aka saka shi ciki.

4.0 Abin Da Ya Sa Maimaitawa Ke Da Haɗari

Mu ɗauki gungu mai faifai 4, kowane terabayit 2, ɗaya ya mutu. Maido da shi na buƙatar karanta sauran ukun gaba ɗaya, watau terabayit 6. Masu ƙera faifan tebur kan rubuta cewa kuskuren karatu ba zai wuce ɗaya ba cikin bit tiriliyan 100, wajen terabayit 12.5 ke nan. In aka ɗauki wannan iyaka a zahirinta, yiwuwar yin tuntuɓe a karatu ɗaya ta kai kusan kashi 38 cikin 100. Lafiyayyen faifai yakan fi wannan ƙwazo, amma faifan gungu galibi tare aka saye su, tare suka sha zafi, tare suka tsufa. Binciken Pinheiro da Weber da Luiz Barroso na 2007 ya gano cewa faifan da ya nuna kuskuren bincike na farko ya ninka wanda bai nuna ba sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Ke nan duk lokacin da manhaja ta faɗi aka sake kunna ta daga farko, ana rage ɗan sauran numfashin da faifan ke da shi ne.

5.0 Matakan Bincike Bi Da Bi

Mataki na farko shi ne a kashe na'urar, a rubuta lambar gurbi a jikin kowane faifai kafin a zare shi. Kada a yarda da tayin sake gina gungun, kada kuma a saki CHKDSK ko fsck a kansa, domin duk suna rubutu bisa abin da ake son ceto.

Na biyu, a gwada kwamfutar da za a yi aikin da ita tun faifan ba su kusance ta ba. Manhajar Memtest86, wadda Chris Brady ya fitar a 1994, ko 'yar'uwarta Memtest86+, kan tashi daga filasha ta bi ƙwaƙwalwar gurbi-gurbi. A bar ta ta kwana tana zagayawa, kuma a gwada da rana tsaka, domin wata sandar sai ta ɗau zafi take nuna halinta. Kuskure ko ɗaya ya isa a ƙi na'urar. Sai a zare sandunan, a kakkaɓe ƙura, a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Na uku, a kwafe kowane faifai sukutum zuwa wani lafiyayye. GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya fitar a 2004, ta dace da yanayinmu ƙwarai. Takan fara kwashe wuraren da ke karantuwa, ta tsallake masu wuya sai daga baya, ba ta cin ƙwaƙwalwa, kuma tana ajiye taswirar inda ta tsaya. In man janareto ya ƙare, sai ta ɗora daga nan. Daga wannan mataki, a adana faifan asali, a ci gaba da aiki bisa kwafin.

Na huɗu, a tabbatar da tsarin gungun. In da mdadm ta Linux aka haɗa shi, kowane faifai na ɗauke da bayanin jerinsa da girman gutsure da ƙidayar sauye-sauye. Faifan da ƙidayarsa ta yi baya shi ne ya riga faɗuwa, bayanansa tsofaffi ne, sai a fitar da shi daga lissafi muddin sauran sun isa. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a ceto hoto guda mai megabayit da yawa. In ya buɗe cikakke, jerin ya yi; in ya fito a yayyanke, a sake.

Na biyar, a lura da yadda manhajar ke faɗuwa. In ƙwaƙwalwa na hawa sannu a hankali har ta cika, matsalar wuri ce: a koma ga manhaja mai bit 64, a rage nau'o'in fayilolin da ake nema, a raba binciken kashi-kashi, sa'an nan a ƙara RAM. In a wuri guda take faɗuwa kullum, ko ta yi tsalle ta cika nan take, a tuhumi gurɓataccen bayani a wannan wurin ko kuskuren jeri. In kuwa wurin faɗuwar na sauyawa, a tuhumi sanda, ko zafi, ko wuta. Hanyar tabbatarwa ita ce a lissafa tambarin SHA-256 na kwafi ɗaya sau biyu. In amsa ta bambanta, na'urar aikin ce ba ta da amana.

In duk wannan ya faskara, PhotoRec ta Christophe Grenier kan zaƙulo fayiloli ta hanyar gane kawunansu, sai dai ba ta maido da sunayensu. Faifan da ke ƙara ko ya ƙi juyawa kuwa, na ƙwararru ne masu ɗaki marar ƙura. Kafin a miƙa shi ga kowa, a tuna bayanan mutane ne a ciki, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a wuyan hukumar da ta tattara su.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa ƙarin RAM, wanda shi ne abin da aka fi garzayawa gare shi, magani ne na kashi ɗaya kawai daga cikin hanyoyi uku, kuma shi ne ya kamata ya zo ƙarshe. Abin da ke gaba shi ne gwada na'ura, da kwafe faifai, da tabbatar da jeri.

Ya kamata kuma shugabannin makarantu su fahimci cewa gungun faifai kariya ce daga mutuwar faifai guda, ba ya hana gobara ko ambaliya ko sata ko goge fayil bisa kuskure. Ajiya a intanet na da amfani, amma a Satumbar 2021 an datse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, abin da ya nuna ba za a dogara gare ta ita kaɗai ba. Shawararmu ita ce kowace hukuma ta riƙe kwafi uku, ɗaya a wani gari dabam, ta kuma riƙa gwada maido da shi kowane zangon karatu. Muna kuma kira ga sassan koyar da kwamfuta a kwalejojin ilimi da su sa wannan aiki cikin darasin gwaji, a haɗa ƙaramin gungu da tsofaffin faifai, a lalata ɗaya da gangan, ɗalibai su ceto shi, domin su ne za a tura makarantun Isa da Sabon Birni bayan sun kammala.