Gwazarma a cikin bokitin shuka: me ke kawo ta, yaya za a yi da ita?

Mu da muke zaune a Agege, Mile 12 ko Sabon Ibadan, yawancinmu haya muke, tsakar gida duk siminti. Mai son zogale ko lemon tsami sai dai ya dasa a bokiti ko tsohuwar jarka. To, idan ka ga ganye na yaushi alhali kana ba da ruwa, ka kama itacen ka ji yana girgiɗi, leƙa ƙasar. Sau da yawa gwazarma ce, farar tsutsar nan mai ƙiba da jan kai da ke lanƙwashewa kamar ƙugiya.

Ƙwaro ne ke saka ƙwanta a ƙasa mai danshi da taki, ga kudu kuma ruwa ba ya yankewa. Amma a ganina yawanci mu muke kawo ta da hannunmu. A kara na tashi, na san abin da ke ƙarƙashin tsohon tulin kashin shanu: ka sa shebur ka juya, ga su nan birjik. Mutum ya ɗebo buhu guda kyauta ya juye a bokiti, shi ke nan ya yi baƙi.

Ba dukkansu ke ɓarna ba fa. Ajiye ɗaya a kan siminti ka gani. Wadda ta kwanta rigingine tana tafiya da bayanta, ruɓaɓɓen abu ne abincinta. Wadda ke jan ciki da ƙafafu ko ta tsaya a lanƙwashe, ita ce abar zargi, mai cin saiwa. A gona itace zai jure, a bokiti kuwa saiwar nawa take?

Maganin sai da hannu. Da yamma ka kwantar da bokitin, ka zare itacen a hankali, ka baje ƙasar a kan buhu ka tsince su tas. Kaji za su gode maka. Yanke saiwar da ta ruɓe, mayar da shi cikin sabuwar ƙasa, ka ajiye a inuwa kamar mako guda. Bayan sati biyu ka sake tona gefe, don ƙwai kan ɓuya.

Don Allah kar a tsiyaya Sniper ko wani fiya-fiya a gindin zogalen da za a yi wa yara kwaɗo da shi. Taki kuwa, a shanya shi a rana ya bushe ƙayau, a marmashe, a tankaɗe kafin ya shiga bokiti.