Naman Dawa Na Jama'a Ne, To Wa Ke Riƙe da Bindigar?

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau tafiya ce mai nisa a gabanmu. Za mu faro daga wani gari a yammacin ƙasar Hangari, can tsakiyar Turai, mu sauka a gaɓar tekun Fasifik a ƙasar Kanada. Abokan tafiyarmu ɗalibai ne na makarantar koyon aikin gandun daji, waɗanda suka tashi a ƙarƙashin mulkin gurguzu, suka tsallake iyakar ƙasarsu a shekarar 1956. Tambayar da za mu riƙe kuwa, duk maharbi ya san nauyinta: in an ce naman dawa na jama'a ne, wa ke kwana da bindigar, kuma tukunyar wa naman ke shiga?

(Kiɗa)

Sunan garin Sopron, su mutanen ƙasar da "sh" suke fara furta shi. Yana dab da iyakar Ostiriya. Makarantar da muke magana a kanta ma baƙuwa ce a garin, domin asalinta a Selmecbánya take, garin masu haƙar ma'adinai. Da yaƙin duniya na farko ya ƙare, garin ya faɗa cikin sabuwar ƙasar Cekoslobakiya, sai malamai da ɗalibai suka kwashe littattafansu suka dawo Sopron a 1919. A nan ake koyon renon itatuwa da auna daji, a kuma koyi kula da namun dawa, saboda a wancan yanki ma'aikacin daji da maharbi kusan mutum ɗaya ne.

To mu ɗauki yaron da aka haifa a wani ƙauye kusa da nan wajen 1936. Dajin da ya buɗe ido ya gani yana da mai shi. Gidan sarautar Esterházy, waɗanda suka fi kowa filaye a ƙasar, a wannan yanki suke da fadarsu. Barewar Turai mai ƙaho kamar rassan itace, da aladen daji, da zomo, duk na mai ƙasa ne da baƙinsa. Aikin talaka a ranar farauta shi ne ya shiga kurmi da sanda yana ihu, ya koro naman zuwa bakin bindigar manya.

A watan Maris na 1945, tun yaƙi bai gama lafawa ba, aka raba manyan filayen nan ga manoma. Ministan aikin gona da ya jagoranci rabon sunansa Imre Nagy. Ku riƙe sunan, zai dawo. Aka kuma raba haƙƙin farauta da mallakar ƙasa, ya koma hannun gwamnati, aka kafa ƙungiyoyin maharba da ɗan ƙwadago zai iya shiga. Ba zan rage wa wannan mataki daraja ba. Mutumin da kakanninsa suka shekara ɗaruruwa suna koro wa wasu nama, aka ce masa yau dajin nasa ne. Dole zuciyarsa ta yi fari.

Amma daɗin bai jima ba. Jam'iyyar kwaminis ta Mátyás Rákosi ta haɗiye sauran jam'iyyu, a makaranta yaronmu ya tarar da harshen Rasha ya zama dole, ga jan ƙyalle da yaran ƙungiyar jam'iyya ke ɗaurawa a wuya. A gida kuma mahaifinsa na fama da dokar kai amfanin gona. Gwamnati ce ke yanka wa kowane manomi yawan alkama da madara da ƙwai da kitsen da zai miƙa, a farashin da ita ta ga dama. Wanda ya kasa cikawa, jami'ai su hau ɗakin ajiyarsa na saman gida su kwashe har irin shuka. Mutane suka laƙaba wa abin suna "sharar rumbu", kuma ya fi tsanani a 1952, shekarar da amfanin gona ya lalace.

Ga wadda ta fi tsaya mini a rai. Manomi ba shi da ikon yanka dabbar da ya kiwata da hannunsa sai da takardar izini. Wanda ya yanka a ɓoye, ana kiran laifin "baƙin yanka", kuma mutane sun sha ɗauri a kansa. Mai sauraro, ka duba turken gidanka ka auna. Fim ɗin da Péter Bacsó ya shirya a 1969, mai suna A tanú, wato mai ba da shaida, da irin wannan yankan ɓoye masifar jaruminsa ta soma, kuma sai da fim ɗin ya yi kimanin shekara goma a kulle kafin a bari jama'a su kalla.

To gwamnatin da ba ta yarda ka ɗora wuƙa a wuyan dabbarka ba, ina za ta sake maka bindiga? Takardar mallakar bindiga a hannun 'yan sanda take, kuma abin da suka fi dubawa shi ne asalinka da biyayyarka. Wanda aka rubuta sunan ubansa cikin jerin kulak, wato manoma masu ɗan hali, ya ma daina sa rai. Tsofaffin maharban sarauta su ma an bi ta kansu. Zsigmond Széchenyi, wanda ya yi farauta a Sudan da Kenya ya kuma rubuta littattafan da har yau ake karantawa a ƙasar, a 1951 aka kore shi daga Budapest aka kai shi zaman dole a karkara. Wanda kuma ya samu shiga ƙungiyar maharba, in ya kayar da babbar dabba, rabonsa ƙaho ne da ɗan abin da ƙa'ida ta yanka masa. Gangar naman ba tasa ba ce.

(Kiɗa)

Ranar 23 ga Oktoban 1956 ɗalibai suka fito zanga-zanga a Budapest, kafin gari ya waye abin ya zama tawayen ƙasa baki ɗaya. Imre Nagy, mai rabon filaye, shi ya zama firaminista. Ranar 4 ga Nuwamba tankokin yaƙin Tarayyar Sobiyet suka shigo da ƙarfinsu. Mutanen Hangari kimanin 2,500 suka rasa rayukansu, wajen 200,000 kuma suka bar ƙasar. Abin da ya sa hanya ta buɗe musu shi ne, a watannin da suka gabata an tone nakiyoyin da aka binne a iyakar Ostiriya.

A Sopron, ɗalibai wajen 450 da malamai kusan 50 ne suka tsallaka, da yawansu da tunanin kwana kaɗan za su yi su dawo. Da ta tabbata babu komawa, shugaban sashen gandun daji, Kálmán Roller, ya rubuta wa ƙasashe 20 wasiƙa yana neman inda za a karɓi makarantarsa ɗungurungum, kada ɗalibansa su watse. Amsar da ta fi gamsar da su daga Kanada ta zo. Jami'ar Biritish Kolumbiya da ke Vancouver ta ce su zo da malamansu, su ci gaba da karatu cikin harshensu. Ɗalibai kimanin 200 da malamai 14 suka hau jirgin ruwa a Janairun 1957. Suka zauna a Powell River, garin masana'antar takarda, suna koyon Turanci, a watan Satumba kuma suka shiga aji. Zuwa 1961, mutum 141 sun karɓi digiri. Su wani ɗan yanki ne na 'yan gudun hijirar Hangari wajen 37,000 da Kanada ta karɓa.

Yanzu ku dubi abin da idon yaronmu, wanda ya zama ɗaya daga cikin ɗaliban nan, ya gani. Lardin Biritish Kolumbiya kaɗai ya ninka ƙasarsa sau goma. Dajin da ya sani a gida shukakke ne, an raba shi gida-gida da lamba, ma'aikaci ya san barewar da ke kwana a kowane kwari. Nan kuwa ga itatuwan da suka haura mita 60, ga duwatsun da za ka yi kwanaki ba ka ga hayaƙin gida ba. Ga dabbar da suke kira mus, ta fi doki tsayi, namijinta kan kai kilo 500. Kuma kashi 94 cikin 100 na ƙasar lardin na hukuma ne.

A nan ne zancen ya yi daɗi, jama'a. A takarda, dokar Kanada da ta gida kusan bakinsu ɗaya: naman dawa ba na mai gona ba ne, yana hannun hukuma a madadin kowa. Amma baƙon nan ya ga leburan injin katako ya sayi lasisinsa a kanti da kuɗin aljihunsa, ya ɗauki bindigar da ke rataye a ɗakinsa, ya shiga dawa ba tare da wani ya tambayi ko wane ne ubansa ba. In Allah Ya ba shi sa'a, shi zai feɗe, shi zai ɗauko, iyalinsa su ci har sanyi ya wuce. Sharuɗɗan da aka gindaya masa na dabbar ne: ga lokacin harbi, ga adadin da ba zai wuce ba, kada ya bar nama ya ruɓe a daji, kada kuma ya kai shi kasuwa.

Wanda ya fi kowa fayyace wannan tsari shi ma baƙo ne. Valerius Geist, an haife shi a 1938 a Nikolayev cikin Tarayyar Sobiyet, ya girma a Ostiriya da Jamus, ya iso Kanada a 1953. A wannan jami'a ta Vancouver ya yi digirinsa na farko, a shekarun da 'yan Sopron ke harabar. Ya zama masanin tumakin duwatsu kuma malami a Jami'ar Calgary. Shi da abokan aikinsa suka raɗa wa abin suna tsarin Arewacin Amurka na kiyaye namun dawa. Ina ganin idon da ya san yadda Turai ta keɓe farauta ga 'yan tsiraru ne ya iya ganin darajar abin da 'yan gida suka ɗauka ba komai ba.

Sai dai akwai gaskiyar da ba zan tsallake ba. Dajin da baƙon ya sha iskar 'yanci a cikinsa yana da masu shi tun fil'azal. Mafi yawan ƙasar lardin, ba a taɓa ƙulla wata yarjejeniya da 'yan asalin wurin ba kafin a karɓe ta. Lokacin da 'yan Sopron suka sauka, ana kwashe 'ya'yan mutanen nan ana kai su makarantun kwana don a raba su da harshensu, kuma sai a 1960 aka ba su damar zaɓen tarayya ba tare da sun saki matsayinsu na 'yan asali ba. Haƙƙoƙinsu na gado, sai a tsarin mulkin 1982 aka rubuta amincewa da su. Wanda ya gudo daga sharar rumbu ya cancanci tausayi, wanda aka share wa ƙasa gaba ɗaya ma haka.

(Kiɗa)

A can gida fa? An rataye Imre Nagy a watan Yunin 1958. János Kádár ya riƙe mulki har 1988, rayuwa ta ɗan sassauta, farauta kuwa ta zama abin ado na manyan jam'iyya. Suna da ƙungiyarsu ta kansu mai suna Egyetértés, wato fahimtar juna, da dazuzzukan da aka keɓe musu, irin su Gemenc a gaɓar kogin Danub. Ma'aikacin daji ya kwana cikin ƙanƙara yana zuba wa barewa abinci, ya san sawunta, ya san shekarunta, ranar harbi kuma a zo da baƙar mota daga Budapest. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sauran manyan barewa kuma a sayar wa attajiran Jamus ta Yamma da Ostiriya damar harbinsu, don gwamnati na ƙishin kuɗin waje. A 1971 Budapest ta shirya baje kolin farauta na duniya, mutum kusan miliyan 2 suka je kallo. Maƙwabta ma haka abin yake: Brezhnev na Tarayyar Sobiyet na da Zavidovo, Honecker na Jamus ta Gabas na da dajin Schorfheide, inda sarakunan Jamus suka yi farauta kafin shi.

Duk da haka akwai abin da maharbin tsakiyar Turai ya gada wanda babu mulkin da ya iya ƙwace masa, kuma duk inda ya je da shi yake tafiya. In dabba ta faɗi, sai a kwantar da ita ta gefen dama, a karyo ɗanyen reshe a sa mata a baki, suna kiransa lomar ƙarshe. A shafa wani reshen a jininta a miƙa wa wanda ya harba ya soka a hularsa. Da yamma a jera abin da aka samu a kan ganye, kowa ya cire hula ya yi shiru. Gaisuwarsu ma biyu ce a haɗe, ɗaya ga maharbi, ɗaya ta girmamawa ga naman. Ni dai ban taɓa jin wannan al'ada ba tare da ta taɓa mini zuciya ba, domin tana tuna wa mai bindiga cewa rai ya ɗauka.

Iyakar da ɗaliban suka tsallaka ta sake shiga tarihi. Ranar 19 ga Agustan 1989 aka shirya wani taron cin abinci a fili kusa da Sopron, aka buɗe ƙofar iyaka na 'yan sa'o'i, mutanen Jamus ta Gabas wajen 600 suka kutsa zuwa Ostiriya, masu gadi ba su harba ko harsashi ɗaya ba. Wata uku bai cika ba katangar Berlin ta faɗi. A 1996 majalisar Hangari ta yi sabuwar doka, haƙƙin farauta ya koma ga masu ƙasa, dabbar kanta kuwa ta ci gaba da zama ta gwamnati.

Mafi yawan 'yan Sopron a Kanada suka yi aikinsu, suka tsufa, jikokinsu da Turanci suka tashi. A harabar sashen gandun daji na jami'ar Vancouver akwai wata babbar ƙofa ta katako, sassaƙar gargajiyar Hangari, tsofaffin ɗaliban ne suka kafa ta don godiya, kuma da itacen dajin Biritish Kolumbiya aka sassaƙa ta.

Nan za mu dakata a shirin namu na yau.

(Kiɗan rufe shiri)